Ni Ne Mahaukacin Kasuwar Garaku

Kafin a san ni da hauka, ɗan dako ne ni a tashar Keffi. Ina da ƙarfi, ina da lafiya, uwata tana sayar da koko da ƙosai a bakin hanya, kuma ba a taɓa kama ni da ko allurar wani ba. Na fara da wannan ne don ku samari kada ku ce yunwa ce ta jefa ni. Son a yi dariya in na yi abu ne ya fara jan ƙafata, son banza ya ƙarasa.

Akwai wani bawan Allah mai taɓin hankali da ke yawo a tasha a lokacin, yana hira da tayoyin mota. Ni kuma na iya kwaikwayo. In ya wuce sai in bi shi da irin tafiyarsa, direbobi da 'yan kamasho su yi ta riƙe ciki. Wata rana muka kai kaya kasuwar Panda, inda ba a san ni ba, na ce bari in gwada. Na shafa toka, na juya idanu, na je gaban mai tsire na zare tsinke biyu. Mutumin bai hana ni ba, sai ma ya ƙara mini ɗaya, ya ce Allah Ya sawwaƙe. Na koma bayan mota na cinye ina mamakin arhar duniya.

Ashe wani mai tallar magani yana kallona, wanda ake kira Baban Kwalba saboda kwalaben da yake jerawa a kan buhu. Ya same ni ina lashe yatsu, ya ce, "Haukan ya ƙoshi ke nan?" Na zabura zan gudu, ya riƙe ni, ya ce aiki zai ba ni wanda ya fi dako sauƙi. An gama yaƙi ke nan, fam ta koma naira, kuɗin man fetur sun fara zagayawa, kowane manomi yana da abin sayen kwalba.

Ga yadda aikin yake. Kwana biyu kafin kasuwa ta ci zan shiga gari daga ni sai ɗan tsumma, in kwanta a bola, har kowa ya shaida ni. Ranar kasuwa Baban Kwalba ya iso da lasifikarsa, ya sa ƙarti su kamo ni. Ina da ɗan guntun sabulu a ƙarƙashin harshe, shi ke ba ni kumfa. Ya turara mini hayaƙi, ya ɗura mini abin da ke cikin kwalba, wanda ba komai ba ne sai jiƙon tsamiya da kanwa da ɗan shuni don launi. Sai in yi atishawa sau uku, jikina ya saki. Daga nan in dubi kaina, in sa hannu in rufe jikina, in ce a hankali, "Ku ba ni riga."

Wannan maganar ni na ƙirƙiro ta, kuma ina alfahari da ita a lokacin, don ita ke sa mata kuka. Baban Kwalba kuwa sai ya ɗaga murya ya ce jama'a su shaida, kunya ta dawo, hankali ya dawo, mahaukaci ba ya neman riga. Kafin la'asar kwalabe sun ƙare. Da muka yi a Garaku, kusa da gida, wasu mutanen Keffi sun gane ni, amma hakan ma ya taimaka mana, suka ce ashe ɗan mai koko haukacewa ya yi. Uwata ta yarda. Ta yi kuka, ta yi sadakar ƙosai don murnar na warke, ni kuma na sa hannu na ci.

A cikin masu kallo ranar akwai mawaƙin nan da sa'o'ina duk suka sani. Zan kira shi Mai Molo. Rediyo ba ta yini ba ta saka shi ba, faifansa yana kowane kanti, direba kan tsayar da mota cike da fasinja don kawai ya gaishe shi. Mu mutanen Keffi da shi muke tinƙaho a ko'ina. Amma yana da ciwo a gida. Babban ɗansa Sule, wanda ya gama makaranta har ya fara aikin akawu, ya soma jin muryoyi suna yi masa magana. An kai shi asibiti a wani babban gari, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi. Ya sami natsuwa, sai dai yawan barci da rawar hannu. Su kuma masu yi wa uban tafi, da ya ba da baya sai su ce ai hankalin ɗansa ya bayar aka ba shi murya. Wannan zargi ya ci masa rai, shi ya sa yake neman warakar da kowa zai gani da idonsa.

Ya gayyace mu, muka je gidansa, ni cikin farar riga a matsayin shaida. Matarsa, Hajiya Lami, uwar Sule, ta ce a bar yaron da maganinsa tunda yana zaune lafiya. Alhaji Mai Molo ya ce ta yi shiru. Aka shigar da ni ɗakin Sule. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaya, kai ma kana jin su?"

Na ce da ina ji, har sun fi nasa yawa, ga shi yanzu sun tafi. Sai fuskarsa ta washe, ya kama hannuna. Na gaya masa ƙwayoyin asibiti danne cuta suke yi a ciki, kuma ni da hannuna na kwashe su na zuba a masai, Hajiya tana tsaye tana kallo. A tsakar gida aka ba shi kwalba, Baban Kwalba ya jefa barkono a cikin hayaƙi don atishawa ta zo, uban ya miƙa masa sabuwar riga ya saka. Makonnin farko Sule ya warware, barcin ya tafi, har yana fita gaisuwa. Mai Molo ya yi wa maganin waƙa, ya yi ta a bukukuwa, duk ƙasa ta ji cewa ɗansa ya warke sarai.

Ba a cika wata uku ba, wata rana da hantsi, Alhaji yana zaune a gindin bishiyar gidansa yana gyara tsirkiyar molo, Sule ya zo ta baya da taɓarya. Ba zan faɗi sauran ba. Da ya gama sai ya wanke hannu, ya saka rigarsa, ya fito ya zauna a dakali har 'yan sanda suka zo. Ya ce musu muryoyin sun koma cikin molon, kuma baba zai aika da su gidan kowa ta rediyo.

Ban taɓa ganin Keffi kamar yadda ta koma ba. Kasuwa ta watse, motoci suka yi ta sauke mutane daga garuruwan da ban san sunansu ba. Taro ya kewaye ofishin 'yan sanda ana cewa a ba su shi. A teburin mai shayi, a ƙofar masallaci, a harabar cocin Sabon Gari, bakin kowa ya zo ɗaya: gado yake so, mota da gida, haukan kuma na ƙarya ne don ya tsere wa igiyar rataya. Waɗanda jiya suka ce uban ya sayar da hankalin ɗansa, yau su ne suka rantse hankalin yana nan daram. Hujjarsu biyu ce. Uban da bakinsa ya ce ya warke, sannan ga shi ya saka riga. Duk inda na juya sai in ji ana cewa mahaukaci ba ya neman riga, kamar wata aya, alhali ni na san inda aka ƙera maganar.

Baban Kwalba ya ɗaure kayansa tun ranar. Ya ce mini abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, in zo mu tafi. Na ƙi, ba don kirki ba, sai don na ɗauka ba mai waiwayo na. Ban sake ganinsa ba har yau.

Da babbar kotu ta zauna, da ni ake cika benci. Likita ya yi bayani, tafinta yana juyawa, mutane suna gunaguni cewa an saye shi. Lauyan gwamnati ya tambaya, in da gaske yaron ba shi da lafiya, ina maganinsa, wa ya hana shi sha? Hajiya Lami ta faɗi abin da ta gani, aka ce uwa ce, dole ta kare ɗanta. Sule kuwa yana tsaye cikin akwatin waɗanda ake tuhuma yana motsa baki shi kaɗai, ana nuna shi ana cewa ya iya wasan. Ni da na ci abinci da wasan shekara da shekaru na san ba wasa ba ne. Mai yin na ƙarya yakan saci kallon masu kallonsa, shi kuwa bai san muna wurin ba.

Da aka tashi, Hajiya ta hango ni a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗan nan, kai ka san inda ƙwayoyin suke. Rataye shi za su yi."

Na ce ban gane nufinta ba, na wuce. Kwana uku abinci bai shiga cikina ba. A na huɗu na je wurin lauyan Sule na faɗa masa gaskiya. Ya ce in sani, in na faɗi wannan a gaban alƙali, ba gida zan koma ba. Na ce na sani.

Da na ba da shaida sai kotu ta ɗauki dariya. Lauyan gwamnati ya ce ga tsohon mahaukaci an ɗauko ya zo ya ceci sabo. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni guntun sabulu da ɗan fili." Alƙali ya ce a ba ni. Na tuɓe riga, na faɗi, na yi kumfa, na yi birgima har wani ɗan sanda ya ja da baya. Na yi atishawa uku. Na rufe jikina na ce a ba ni riga, da muryar nan da suka sani. Sannan na miƙe na goge bakina, na ce da Garaku da Panda da tsakar gidan marigayi duk abin da aka gani ke nan. Ba wanda ya ƙara dariya. Da yawa a cikinsu suna da kwalbarmu a ƙarƙashin gado.

Alƙali ya yanke cewa Sule ba ya cikin hankalinsa lokacin da abin ya faru, ba za a rataye shi ba, a tsare shi ana yi masa magani. Ni kuma daga baya aka ba ni shekara uku saboda damfara. Ranar da aka fito da ni zuwa mota, jifa da tofin yawu na sha. Na saurara da kyau ko zan ji wanda ya ce na cuce shi da jiƙon tsamiya, ban ji ba. Abin da ake ta faɗi shi ne na hana a rama wa Mai Molo.

To a nan nake tsaye har gobe. Damfara na yi ta, na amsa. Hannuna yana cikin mutuwar mutumin nan, na amsa, kuma ina neman gafarar Allah kullum. Amma wanda yake jira in ba da haƙuri don Sule bai mutu a igiya ba, sai ya nemi kujera, zai daɗe. Ni na yi zaman laifina. Waɗanda suka tura uba hannun macuta da tsegumi, sannan suka taru suna neman jinin mara lafiya, ban ga wanda ya yi kwana ɗaya a tsare ba.

Da na fito, na tarar uwata ta rasu. Na koyi gyaran keke a Sabon Gari, da shi na ci na yi aure. Akwai dattawan da har suka mutu ba su amsa sallamata ba, ban kuma fasa yi musu ba. Na je gaida Hajiya Lami sau ɗaya. Ta ce ni na raba ta da miji, ni na bar mata ɗa, ba ta san wanne daga ciki zai zauna a tabarmarta ba. Ta ba ni ruwa na sha a tsaye.

Ku samari, kada ku mai da ciwon wani abin dariya, don daga nan na fara. Abin da aka ba ku don tausayi alhali ba ku cancanta ba, ku mayar. In kuna da mai taɓin hankali a gida, ku bar shi da maganin likita ko da duk unguwa za ta yi surutu. In kuma kuka ga taro ya haɗa baki a kan mutum ɗaya, ku tambayi inda suka samo maganar da suke maimaitawa.

Abu ɗaya na ajiye. A gidan yari ni ke sharar ɓangaren da aka tsare Sule. An mai da shi kan ƙwayoyinsa, ya natsu, ya san abin da ya aikata, yakan yini yana kuka. Abin da na yi a kotu kuwa bai tuna ko kaɗan ba. Ranar da za a sake ni ya kira ni bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, in naka suka dawo, kada ka yarda a zubar maka da magani."

Da na yi shiru na tafi da ya fi mini sauƙi, amma na gaji da ƙarya. Na ce masa ban taɓa jin murya ko ɗaya ba tunda aka haife ni. Ya dube ni irin kallon da ya yi mini ranar farko a ɗakinsa, sannan ya saki ƙarfen ƙofar.

Ya ce, "Ashe ni kaɗai ne."

Shekara ukun alƙali na gama su tuntuni. Wannan maganar ita ce har yanzu ban fito daga cikinta ba.