Kwalbar Ruwa a Motar Malam Arzika

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma ranar da aka kawo mana mai cewa mota za ta yi tafiya da ruwa a gareji ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina. Ku da kuke koyon aikin nan ku matso ku ji, don na ga wasunku suna ta yawo da bidiyon irin wannan shirme a waya.

A lokacin ni ne shugaban gareji a wani ƙaramin kamfanin sayen shinkafa a Birnin Kebbi. Muna bin fadamu, daga Zauro zuwa Argungu har Augie, mu sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, mu kawo sito. Tsarin aiki a fili yake: direba ke da mota a hanya, ni ke da ita a gareji, kuma ba a ɗaura wa mota ko noti ɗaya sai na duba na yarda. Sama da ni akwai manaja, sama da shi akwai Alhaji mai kamfani, wanda ba kasafai muke ganinsa ba.

Bazarar da ta biyo bayan cire tallafin mai ce. Fetur ya yi tsadar da kowa ya sani, manaja kullum fuska a murtuke. Sai ga shi wata safiya ya shigo yana washe baki, tare da wani mutum mai farar shadda da jakar hannu, wai Injiniya. Har yau ban san wanda ya raɗa masa wannan suna ba.

Mutumin ya buɗe jaka ya fito da kwalbar roba irin ta alewa, da 'yan farantan ƙarfe a ciki, da siririn tiyo da wayoyi biyu. Ya ce za a zuba ruwa da ɗan soda, a haɗa da batir, ruwan ya rabu ya ba da iskar haidirojin, iskar ta bi tiyo ta shiga inji. Shan mai zai ragu da rabi, nan gaba ma a daina zuwa gidan mai.

Na ce, "Injiniya, wutar da za ta raba ruwan ga, daga ina?"

Ya ce, "Daga batir mana."

"Batir, wa ka cika shi?"

"Inji."

"To injin, mi shika sha?"

Sai ya yi dariya ya dubi manaja. Manaja ya ce, "Malam Ladan, kai dai ba ka son ci gaba. Ƙasashen waje motocin haidirojin na nan suna yawo bisa titi."

Wannan gaskiya ya faɗa, kuma na gaya masa gaskiya ce. Amma waɗancan ba ruwa ake ɗura musu ba. A masana'anta ake haɗa iskar, da wuta mai yawan gaske, a matse ta cikin tanki mai kauri, a sayar da ita a gidan mai nata na musamman, wanda ko ɗaya ba mu da shi a nan. Shi ruwa abin da ya rage ne bayan haidirojin ya riga ya ƙone, kamar toka bayan itace. Ƙarfin da za ka kashe ka raba shi ya fi wanda zai mayar maka. Ka ci bashin mai ka biya da ruwa, ina riba?

Manaja ya ja ni gefe ya rage murya. "Surukin Alhaji ya turo shi. Ka gane?"

Na gane sarai. A wurinmu, abin da ya fito daga hannun suruki ba a cewa ba shi da kyau. Alhaji ba zai iya duban uban matarsa ya ce mutuminka maƙaryaci ne ba, manaja kuma ba zai iya duban Alhaji ba. Kunya ce ta gangaro tun daga sama har ta iso garejina. Na ce ni dai sifanata ba za ta taɓa abin nan ba, kuma ban yarda a ɗaura ba. Manaja ya ce ba komai, Injiniya zai ɗaura da kansa.

Motar da suka zaɓa ita ta fi ƙona mini rai: a-kori-kurar Malam Arzika. Dattijo ne mutumin Zauro, ya fara tuƙi tun manaja bai daina rarrafe ba, kuma bai taɓa taka ko kazar wani ba. Da wannan aikin yake riƙe da gidansa, saura kaɗan ya ajiye da mutuncinsa a sallame shi da haƙƙinsa. Motar kuwa tsohuwa ce, amma ƙirar masu tsoron kunya. Ka buɗe bonet ka ga kowace waya an naɗe ta, an ɗaure ta nesa da zafi, kowane layi da fiyus ɗinsa, wato ɗan abin nan da ke tsinkewa ya yanke wuta kafin waya ta kama. Ba irin sababbin nan biyu da aka sayo mana don araha ba, masu ƙyalli kamar amarya, waɗanda kafin damina ta fita marikin ƙofa ya zo a hannu.

Ina tsaye Injiniya ya ja waya tsirara daga kan batir zuwa kwalba, siririya irin ta rediyo, ba fiyus ba komai, ya ɗaure kwalbar da robar taya kusa da inji. Wallahi sai da na kau da kai.

Malam Arzika ya matso ya ce, "Ladan, abin ga lafiya?"

Na ce, "Ba lafiya ba, Malam."

Ya ce, "To ya munka iya? Mai abu ya ce a ɗaura."

Aka yi gwaji. Kafin a tashi, Injiniya ya wanke fulogi, ya kakkaɓe matatar iska, ya sa aka ƙara wa tayoyi iska, wai share fage. Shi da Malam Arzika suka tafi Argungu suka dawo, mota ba kaya, bisa kwalta, suna tafiya kamar hawainiya. Ko jaki ka yi wa wannan gata ai zai rage ci. Da aka ga mai ya ɗan ragu, manaja har tafi ya yi. Abin da Injiniya ya gaya wa Malam Arzika a gabana bai wuce wannan ba: in ruwa ya ja baya, ka ƙara.

Ana tsakiyar girbin shinkafar rani aka tura shi Augie. Rana ta take, hanya ba kwalta, mota ta sha buhuna. Ya tsaya sallar azahar a bakin fadama, ya buɗe bonet ya ga ruwan kwalba ya ja baya, sai ya ƙara daga butarsa, kamar yadda kowane direba a ƙasar nan yake ƙara wa lagireto. Bai yi nisa ba hayaƙi ya turnuƙe. Wayar nan ce ta yi zafi ta narke ta taɓa ƙarfe. Maimakon ya gudu, bawan Allah sai ya buɗe bonet ya kama kan batir da hannu yana son ya cire. Manoma suka bar injinan ban ruwa suka sheƙo da bokitai, suka ja shi baya da ƙarfi. An ceci yawancin buhunan, amma gaban mota ya tafi, tafukan hannunsa biyu kuma sun saɓule.

Aka kafa kwamiti, kamar yadda ake yi duk lokacin da mota ta salwanta: manaja, akawu, mai kula da sito, ni kuma a matsayin shaida. Aka kira Injiniya. Ko gezau bai yi ba. Ya tambayi Malam Arzika wane ruwa ya zuba. Dattijo ya ce na buta. Sai mutumin nan ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan! Tataccen ruwan batir kaɗai aka sa ma na'urata. Ruwan gulbi ya zuba, ya lalata mini aiki."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Ƙarya kake, a gabana ka ce ya ƙara ruwa, ba ka ce wane iri ba! Kuma ko ruwan sama ka tara a tasa, wayar da ba fiyus sai ta ci wuta. Ku zo ku ga inda ta narke!"

Manaja ya ce, "Malam Ladan, zauna. Ba a tambaye ka wannan ba."

Ba wanda ya je ya duba. Na nemi ganin Alhaji, aka ce ya yi tafiya. Da ya dawo na tare shi a bakin ƙofa, ya saurare ni har ƙarshe, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Na ji, Ladan. A bar maganar." Ya san gaskiya, wallahi ya sani. Amma laifi dole ya sauka kan wani, kuma a duk cikinmu Malam Arzika ne kaɗai ba shi da surukin da za a ji kunya. Aka rubuta sakaci, aka sallame shi ba ko sisi. Injiniya kuwa na ji ya gangara wajen masu injinan ban ruwa da kwalabensa.

Ga abin da na koya, ku riƙe shi. Wanda ya ƙera mota da gaskiya ya yi tunanin ranar da abu zai lalace, shi ya sa ya sa fiyus. Mai sayar da abin al'ajabi ranar gwaji kawai yake tunani. Kuma a wannan sana'a tamu, abin da aka yanke a ofis cikin sanyi, a hannun direba yake ƙonewa. In an kawo muku irin wannan, ƙin taɓawa bai isa ba, ku yi ta ihu har a ji ku.

Ranar da zai tafi, mai kula da sito ya ce ƙa'ida sai ya miƙa makullin mota kafin ya fita. Makullin motar da gabanta ya riga ya zama gawayi! Malam Arzika ya tsaya da hannuwa biyu naɗe da bandeji, ya yi ta ƙoƙarin sa su a aljihu, suka ƙi shiga. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Ladan, taimaka ka ciro musu abinsu."

Ni na sa hannu a aljihun dattijon nan na ciro.