Turken Jigon Babana

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara ina koyarwa a wata firamare wajen Sakajiki, kuma babu darasin da nake ji da shi kamar na Masar. A littafinmu akwai hoton wani mutum tsaye a bakin kogin Nilu yana jan ruwa da jigo. Turaku biyu, doguwar sanda a gicciye, curin laka a gindinta, guga a bakinta. Duk ranar da na ɗaga hoton sai ajin ya kwashe da dariya, su ce ai wannan baban Malam ne. Ba su yi ƙarya ba. Tun da na yi wayo nake ganin mahaifina a bakin gulbin Gagare, yana sunkuyawa yana miƙewa, ruwa na bin fangalin albasarsa.

Ni kuwa nakan gaya musu yadda kogi ya tara mutane suka yi birane, da yadda ambaliya ke shafe iyakokin gonaki kowace shekara, sai masu awo su zo da igiya su mayar wa kowa nasa. Ina faɗa ina kumbura, kamar ni na riƙe musu igiyar.

A daminar shekarar gulbi ya yi mana irin tasa. Ya bar hanyarsa, ya yanko ta bayan lambun Baba. Da ruwa ya janye sai ga lambun ya koma wancan ƙetare, laka ta binne shi, ta haɗe shi da filin wani dattijo da ke noma a can. Jigon ma ba alamarsa. Abin da ya rage mana wata 'yar siririyar gaɓa ce, rabinta yashi. Da wannan lambun Baba ya ciyar da mu, da shi na yi karatu, kuma ba shi da wani. Kafin sanyi ya kama sosai dattijon nan ya ja fangali a kansa ya dasa albasa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Lokacin kowa bakinsa kotu, wanda aka taka wa ƙafa ma sai ya ce a je gaban alƙali. Na samu Baba a zaure yana gyaran igiya, na ce mu kai ƙara, na kawo masa labarin Masar da masu awo har da ƙari.

Ya saurare ni har na gaji. Sannan ya ce, "To Malam, mun ji karatu. Su mutanen Masar ɗin, da mi suka gane wurin in laka ta ruhe?"

Na ce da alama mana.

"Mu ma muna da alama. Ɗauko hauya gobe, mu tahi mu biɗi turke."

Turakun jigonsa na kirya ne, itacen da ruwa da gara ke bari. Da hantsi muka tsallaka, ruwan iya gwiwa. Dattijon ya taso daga cikin albasa, suka gaisa da Baba, gaisuwa mai tsawo har da tambayar jikoki, ni ina tsaye ina cika ina batsewa. Baba ya ce masa turkensa ya zo nema. Dattijon ya ce bismilla, ya koma gefe ya tsuguna.

Baba ya dubi wata tsamiya a ƙetarenmu, ya ƙirga taku, ya nuna mini wuri. Na yi ta haƙa har rigata ta jiƙe. Da ramin ya kai ƙugu hauya ta daki itace. Na share lakar da hannu, sai ga turken, har da gurbin da sanda ta cinye a kansa. Na ɗago na dubi dattijon, na ce da ƙarfi, "To ga shaida. Sai a tashi."

Baba ne ya karɓi hauyar daga hannuna, ya matsa kamar taku goma, ya fara nasa ramin. Na ce Baba ai an gama. Ya ce in yi shiru. Ya daɗe yana haƙa, ya wuce zurfin nawa, sai ga wani turken, baƙi ƙirin, da tsatsattsen zoben ƙarfe a wuyansa.

Dattijon ya miƙe ya leƙa ramin. Ya ce a hankali, "Na tsohona na. Ni niƙ ƙera mai zoben ga."

Baba ya juyo gare ni. "Shekarad da anka haihe ka gulbi yak kawo muna wurin ga daga wajensu. Tsoho nai bai kai ni gaban kowa ba. Ya aiko ma da irin albasa. Yanzu gulbi ya maida musu abinsu, kai kuma ka ce a tashi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Shekara kusan talatin ina cin albasar wurin nan, ina koya wa 'ya'yan mutane labarin kogin da ban taɓa gani ba, na gulbin ƙofar gidanmu kuwa ban sani ba. Na durƙusa na ba dattijon haƙuri. Ya ce ba komai, ƙuruciya ce, alhali a lokacin ina da 'ya'ya biyu.

Baba ya mayar da ƙasa kan tsohon turken, ya daddanna da ƙafa. Nasa kuma muka girgiza shi muka tumɓuke. Dattijon ya ce a raba fangalin biyu, Baba ya yi godiya ya ce a'a, in dai akwai sauran iri a ba shi. Ya kawo mana dami guda.

Na ce a ba ni turken in ɗauka, Baba ya hana. Ya saɓa shi a kafaɗa, ya shiga ruwa, ina biye da irin albasa a hannu. Da muka hau gaɓarmu ya sauke shi a kan 'yar siririyar ƙasar nan, ya tsuguna ya damƙi ƙasar ya murza. Yashi ne ya fi yawa, ni ma na gani. Ya karkaɗe hannunsa, ya miƙo mini hauya, ya ce, "Haƙa nan, Malam."