Rumbun Tsimin Yaya Haske

Yayata Haske ba ta taɓa cinye abu ranar da ta same shi ba. Ko goro ka ba ta, sai ta fasa shi biyu ta ɗaure rabi ga bakin zane. Ni Ummul, ƙanwarta, na sha yi mata tsiya kan wanga hali, ita kuma ta ce da ni mai hannun rariya. Ba rowa ba ce, wallahi. In baƙo ya sauka ƙauyenmu, nan gabas da Filinge, gidanta za a nuna mai. Tsoron gobe ne kawai ya zauna mata tun tana ƙarama.

Na san inda ta samo shi. Lokacin yunwar tamanin da huɗu tana da shekara goma sha biyu, ni ina da biyar. Babanmu yana da rumbun tsimi, wanda ake liƙewa da laka a manta da shi, ba a taɓa shi sai abu ya kai intaha. Shekara uku yana liƙe, ko ranar sunan ƙanenmu bai buɗe shi ba. Da mutane sunka fara barin gari, wasu Yamai wasu Najeriya, ranar ya hau ya fasa lakar. Ni ban tuna komai ba sai ɗanɗanon furar. Ita ko Yaya ta ga maƙwabta suna tafiya da tabarmi bisa kai, ta kuma ga mu mun tsaya.

Mijinta Tahiru ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗiya guda, Samiratu. Da taɓarya ta rene ta. Duk kaka tana cikin matan da ke yi wa 'yan kasuwa sussuka da shiƙa, masu kai hatsi kasuwar Baleyara, a biya su da tiya. Ba wadda ta kai ta iya karanta iska. Ta ɗaga ƙwarya ta tsiyaya, hatsi ya zubo tsaf, ƙaiƙayi ya yi nashi wuri. To amma rabin wurin nan ƙirjinta ne. Shekara talatin tana shaƙa, har fuka ta kama ta. In abin ya taso, daga bayan darni kana jin numfashinta yana fito.

Ta daɗe da ɗan famfon nan shuɗi da ake fesawa cikin baki. Fesa biyu, ƙirji ya buɗe, ta koma bakin turmi. Sai dai a hankali ya zama sau biyar, sau shida a yini. Hannunta na rawa, zuciyarta na dukan tara-tara, tulu guda daga rijiya sai ta huta sau biyu. Samiratu, da ke aure Filinge, ta zo ta gani, ta ce ko ana ha maza ha mata sai an je asibiti. Bayan ƙaramar salla munka tafi mu uku.

Manjon da ya duba ta, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin, mutum ne mai haƙuri, ba zan ɗora mai laifi ba ko gaban Allah. Ya saurari ƙirjinta, ya tambayi sau nawa take fesawa, ya girgiza kai. Sai ya ajiye famfo biyu bisa tebur, shuɗin da ta sani da wani mai ruwan ƙasa.

"Inna," in ji shi, "shuɗin nan buɗe hanya kawai yake yi, ɗan lokaci ta sake tsukewa. Bai taɓa ciwon ba. Mai ruwan ƙasan nan shi ne babban maganin, shi ke kwantar da kumburin da ke ciki. Safe da maraice, kullum, ko kina jin lafiya garau, ki kurkure baki bayan kin fesa. Ba za ki ji komai ba ranar farko, sai an yi sati biyu ko uku. Amma in abin ya taso miki, shuɗin za ki ɗauka, wanga ba ya ceto cikin gaggawa."

Samiratu ta ce ta ji ana maganar wani famfo da ya haɗa aikin biyun. Ya ce akwai shi, kuma da zai fi wa irin Yaya sauƙi, tunda guda ne ba a rikicewa, sai dai farmasin nan ba su kawo shi, sai Yamai, can ma wata rana a samu wata rana babu. Ya sa Yaya ta maimaita abin da ya faɗa. Ta maimaita tiryan-tiryan, ba ta bar ko kalma ba.

Kwana huɗu ta yi tana bin umarni. Rana ta biyar na shiga ɗakinta na iske ta naɗe mai ruwan ƙasan cikin tsumma, tana tura shi can ƙarƙashin kwallayenta.

"Yaya, mi kike yi haka?"

"Ajiya nike. Ba ki ji ya ce shi ne babba ba?"

"Ya ce kullum!"

"Yaron nan ɗan lakwal ne, boko kawai ya sani, bai ga tamanin da huɗu ba. Wa ke shan magani yana lafiya? Na fesa, na fesa, ban ji komai ba, ashe ƙaramin ciwo bai isa ya motsa shi ba. In na ƙarar da shi ga ranakun banza, ranar da babban ya zo da mi zan tare shi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Ga inda nawa laifin yake, kuma zan faɗe shi, don ya ishe ni ɗauka. Dariya na yi. Na ce, "Kai, Yaya, ke da Baba ba ku da bambanci!" Can cikin raina ma sai na ga maganarta ta hau, don ni ma cikin furar rumbun nan na rayu. Da Samiratu ta kira ni ta waya ta ce, "Inna, don Allah tana shan na kullum ɗin?" sai na ce mata tana sha. Na ga kamar ba girmana ba ne in kai ƙarar yayata wurin ɗiyarta.

Damina ta wuce haka, yau da sauƙi gobe babu. Duk wata Samiratu na aiko da shuɗin ta hannun masu motar kasuwa, tana mamakin yadda yake saurin ƙarewa. Ta so ta sayo sabon mai ruwan ƙasa, Yaya ta ce mata da saura, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Kaka ta zo da albarka bara, dammuna har bisa rufin ɗaki. An hana Yaya zuwa masussuka, ta ce in ta zauna gida ana shiƙa to gara a binne ta. Ta ɗaure hanci da ɗankwali ta tafi. Cikin kwana goma sha biyu ta shanye shuɗin da ya kamata ya kai ta wata. Ranar Talata ta girgiza shi kusa da kunnena, ba komai ciki. Na ce bari maigidana ya hau moto, wato babur ɗinsa, ya karɓo wani Filinge. Ta ce a bar bawan Allah ya gama ɗaurin hatsinsa, ai Lahadi ranar kasuwa na tafe, Samiratu za ta aiko. "Kuma ina da na ajiya," ta ce, tana murmushi. Hankalinta kwance yake ƙwarai, ban taɓa ganin ta cikin natsuwa irin ta ranar ba.

Alhamis da hantsi muna masussuka iska ta juya. Ƙaiƙayin mata huɗu ya taso mata gaba ɗaya. Ta saki ƙwarya, ta durƙusa, ta dafa ƙasa da hannu biyu. Na sha ganin tashin fukarta, amma wanga daban ne, don fiton ma ya ɗauke. Wuyanta na shiga ciki duk jan numfashi, leɓenta ya fara yin toka-toka. Ta kama zanena, ta nuna gida da haɓa.

"Kwalla," ta ce. "Ɗauko."

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Na watsar da kwallayen, na zaro tsumman, na dawo. Moton maigidana yana can gona mai nisa wurin ƙanensa, sai maigidana ya ɗauro amalanken jaki. Munka ɗora ta, na zauna bayanta na jingina ta ga ƙirjina, munka kama hanyar Filinge cikin rairayi. Mata na bin mu da salati har bakin gari.

Da ta ga famfon a hannuna, wallahi fuskarta ta saki. Ta dube ni irin kallon nan na kin gani ko. Ita da kanta ta cire murfin, ta sa baki. Hannunta ya kasa dannawa, ni na danna mata.

Munka jira. Jaki na tafiya, maigidana na tsula mai sanda yana kiran sunan Allah. Ba abin da ya buɗe.

A lokacin ne maganar manjo ta faɗo mini, kalma bayan kalma, da muryar Yaya tana maimaita ta. Na san abin da ke hannuna ba zai yi komai ba. Amma mi zan ce mata? In ce wata shida tana tsaron abin da ba ya ceto? Ta ɗago ido, ta motsa baki. Na kai kunne.

"Ƙara," ta ce. "Babba ne, yana da nauyin tashi."

Na ƙara. Na ce mata, "Ga shi nan yana zuwa, Yaya, na ji ƙirjinki ya fara sauka." Ta gyaɗa kai, ta yarda da ni. Duk bayan 'yan taku sai in danna, in ce yana zuwa. Mun hango dogon ƙarfen waya na Filinge ke nan sai na ji ta yi nauyi jikina, kanta ya kwanta bisa kafaɗata. Ban daina ba. Ina dannawa, ina ce mata saura kaɗan, har maigidana ya tsayar da jakin, ya zagayo ya riƙe mini hannu.

"Ummul," ya ce, "ya isa. Rufe mata baki."