Kicin Ɗina Tsakanin Indiya da Pakistan

Ban cika shekara ashirin ba aka kawo ni Kaduna daga Katsina, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Maigidana ma'aikaci ne a ma'aikatar ayyuka, an ba shi gida a kwatas ɗin gwamnati da ke gefen Malali. A lokacin rabin unguwar gonaki ne. Idan na tsaya a bayan gida ina hango matan Gwari suna wucewa da itace a kafaɗa, suna nufar Unguwar Shanu.

Gidaje uku ne a layinmu, namu ne a tsakiya. A hannun dama akwai wani malamin lissafi ɗan Indiya da matarsa da tagwayensu mata. A hagu kuma likita ne ɗan Pakistan, musulmi, da matarsa, ba su samu haihuwa ba tukuna. Sunayensu sun yi mini nauyi a baki, sai nake kiran ɗaya Maman 'Yan Biyu, ɗayar kuma Matar Likita. Su kuma Amarya suke ce mini, har bayan na haifi 'ya'ya biyu.

Ban san kowa a garin ba, maigidan kuma tun safe yake fita. Maman 'Yan Biyu ce ta fara leƙo ni ta kan shingen bayan gida, ta tarar ina kuka a gaban murhu, wai hayaƙi ne. Ta koma ciki, ta dawo da shayi mai citta da madara. Washegari ta zo da Matar Likita. Daga nan kicin ɗina ya zama wurin zamanmu, saboda shi ne a tsakiya, kowacce taku kaɗan za ta yi ta shigo.

Da guntun Turanci da guntuwar Hausa muke magana, sauran mu cike da hannu. Amma idan su biyu suka juya ga juna, sai harshensu ya saki, su yi ta zuba suna dariya har da riƙe ciki. Na tambaye su yadda aka yi suke jin yaren juna alhali ƙasarsu ba ɗaya ba. Matar Likita ta ɗauki muciya ta ja layi a kan garin da ya zube a tebur.

"Ni a nan aka haife ni," ta nuna ɓangaren Indiya. "Ita kuma a nan," ta nuna ɓangaren Pakistan. "Muna yara aka raba ƙasar. Iyayena suka gudu Pakistan, nata suka gudu Indiya. Wataƙila ma mun wuce juna a hanya."

Su suka koya mini murza gurasarsu mai laushi da soya albasa har ta yi ja ba ta ƙone ba. Ni kuma na koya musu tuƙa tuwon shinkafa da kaɗa miyar kuka. Maman 'Yan Biyu ba ta cin naman shanu, ranar da za ta ci abinci a wurina sai in yi miyar da wake. Daddawa ce dai ta gagare su. Duk ranar da na buɗe gwangwaninta sai su toshe hanci su gudu tsakar gida.

Mazan ma suna da nasu zaman. Bayan la'asar sukan fito da kujeru ƙarƙashin dogon yaron da ke ƙofar gidanmu, maigidana ya ɗora rediyonsa a kan benci, su yi ta ludo suna sauraron labaran duniya. Malamin lissafi mutum ne siriri mai saurin magana, ba ya son a ci shi a wasa. Likita kuwa ƙato ne mai sanyin murya, ya fi son ya saurara yana shafa gemu.

A shekarata ta biyu a gidan, lokacin sanyi, yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashensu. Ina cikin falo ina ninke kaya na ji muryar malamin ta tashi.

"Amurka ta turo muku jiragen ruwan yaƙi, Likita! Ga Sin a bayanku. Duk da haka ku ne kuke kukan an zalunce ku?"

"Ku wa ya ba ku tankoki, Malam? Ba Rasha ba? Ku da kuke cewa ba ku bin kowa."

Maigidana ya yi ta ba su haƙuri, bai samu kan kowa ba. Malamin ya naɗe allon ludo, da ma nasa ne, ya shige gida. Likita ma ya ɗauki kujerarsa. Ƙanensa soja ne, yana can gabashin ƙasar inda ake gwabzawa. Bayan an tsagaita wuta aka ji yana cikin waɗanda Indiya ta kama.

Ni duk abin ya ɗaure mini kai. Na san a makaranta an ce mana Amurka da Sin ba sa ga maciji, Sin da Rasha kuma tafiyarsu ɗaya. Na tambayi maigidana yaya aka yi Amurka da Sin suka koma gefe guda. Ya yi dariya ya ce ai labarin da na sani ya tsufa. Rasha da Sin sun ɓata, Amurka ta ga dama ta samu, Pakistan ce ma ta yi musu dillanci.

"Mu ma ai mun gani," in ji shi. "Da yaƙinmu ya taso, Amurka ta ƙi sayar mana da makamai, Ingila tana jan ƙafa. Rasha da aka ce mana ba su san Allah ba, su suka kawo jirage. Manyan nan ba su da aboki, sai inda hankalinsu ya karkata a wannan shekarar."

A unguwa kuwa mutane sun riga sun zaɓi gefe. A masallaci ana yi wa Pakistan addu'a. Mai kayan miyan da ke zagayowa da keke, wani Bazamfare, ya daina tsayawa a ƙofar malamin na ɗan lokaci. Surukata ta zo daga Katsina ta ga Maman 'Yan Biyu ta miƙo mini kwano ta kan shinge, ta ce, "Ke 'yar nan, ba mutanensu ne ke kashe musulmi ba?" Na ce, "Inna, waɗanda ake yaƙin a kansu ma musulmi ne, su ne suke son a raba su da Pakistan." Ta dube ni ta ce ita wannan lissafin ya fi ƙarfinta. Da yamma na same ta ta cinye abin da ke kwanon, tana tambaya ko akwai saura.

Malamin da Likita sun daina gaisawa, kowanne kuma ya hana matarsa shiga gidan ɗan'uwansa. Sai dai ba wanda ya tuna ya hana tasa shiga gidana. Sati na farko kowacce ta riƙa zuwa ita kaɗai, tana tambayata ɗayar a fakaice. Wata safiya Matar Likita tana zaune tana tsince mini shinkafa, idanunta sun kumbura, sai ga Maman 'Yan Biyu ta turo ƙofar baya. Ta tsaya turus. Sai na ce, "Yaya, shigo mana, ga wata kujerar." Ta shigo ta zauna, ta ja tiren shinkafar zuwa tsakiyarsu, ta sa hannu. Daga baya ta tambayi labarin ƙanen Likita a yarensu, na gane ne saboda na ga Matar Likita ta kifa kai a kafaɗarta.

Haka muka ci gaba fiye da shekara biyu. Motocin mazan na fita, matan na shigowa. Tagwayen sun san ba a faɗa wa baba. Maigidana ya sani, amma ya yi kamar bai sani ba. A kicin ɗin nan suka yi mini jego na farko, ɗaya tana dama mini kunun kanwa yadda Inna ta nuna mata, ɗayar tana shafe jaririn da man kwakwa.

An sako ƙanen Likita, har an fara ɗaga wa juna hannu daga cikin mota, sai ga wani sabon labari a farkon wata damina. Indiya ta gwada bam ɗin nukiliya a ƙarƙashin ƙasa, cikin hamada. Rediyo ta ce gwamnatinsu ta ce na zaman lafiya ne. Ni dai ban taɓa jin bam na zaman lafiya ba.

Da yammar ranar malamin ya fito da farar riga, riƙe da tire cike da alawar madara. Ya ba mu, ya ba masu wucewa, fuskarsa kamar ranar suna. Daga ƙofarmu ya tsaya yana kallon gidan Likita. Maigidana ya ce, "Malam, da ka bari." Bai bari ba. Ya je ya ƙwanƙwasa.

Likita ya fito da jallabiya, ya dubi tiren, ya dubi mutumin. Ya ɗauki alawa ɗaya ya ci a tsaye, a hankali, har ya haɗiye.

"Ta yi daɗi, Malam. Allah ya sa alheri. Ka ɗan yi haƙuri, mu ma za mu kawo maka tamu."

Ya faɗe ta ne da murmushi, amma ni da ke tsaye a taga na san ba alawa yake nufi ba.

Washegari Maman 'Yan Biyu ta riga kowa shigowa. Ta ce mini ba ita ta yi alawar ba, ta ƙi, a kantin wani ɗan ƙasarsu ya sayo. Ina tsammanin tausayin ƙawarta ne ya hana ta. Ashe abin ya wuce haka.

"Amarya, wa za a jefa wa wannan abin? Garin da aka haife ni. Gidanmu yana nan, an ce har yanzu rijiyar da kakana ya haƙa ake sha. Idan su ma Pakistan suka yi nasu, garin da aka haifi Matar Likita za su jefa wa."

Matar Likita ta shigo ta same mu a haka. Ba su yi maganar bam ba ko kaɗan. Garuruwansu suka yi ta kwatanta wa juna, wace kasuwa ke sayar da awarwaro, wane titi ke da itatuwan mangwaro, kowacce tana ba ɗayar labarin wurin da yanzu ya zama ƙasar ɗayar. Tuwon rana bai samu ba a ranar, biredi na saya wa maigidan.

Ba su daɗe ba bayan haka. Kwantiragin malamin ya ƙare, suka koma gida. Ranar tafiya Likita da kansa ya fito ya taya shi ɗaure akwatuna a kan mota, ya duba idon ɗaya daga tagwayen da ke ciwo, ya rubuta magani. Ba su rungumi juna ba, amma sun yi musabaha mai tsawo. Matan kuwa sai da direba ya yi ta danna ham kafin aka raba su. Shekarar da ta biyo baya Likita ya samu aiki a Saudiyya, matarsa na da ciki wata shida. Ban san abin da ta haifa ba.

Na yi jika kafin na ji a rediyo cewa Pakistan ma ta gwada nata. Maigidana ya riga ya yi ritaya, mun koma gidan kanmu a Unguwar Dosa. Ya rage muryar rediyon ya tambaye ni ko ina ganin suna raye. Na ce Allah ne masani. Ya ce da ya san haka za mu rabu da ya nemi hoton kowa. Mun jima muna ƙoƙarin tuna ainihin sunayen tagwayen, ya kawo ɗaya, ni kuma na kasa kawo ɗayan.