Na Jiya Yake Sayarwa

Ranar tun safe hadari ya haɗu amma ya ƙi zubarwa, gari ya yi ɗumi kamar an rufe tukunya. A ranar ne malamar asibiti ta duba ƙanwata Auta, ta ce jininta ya yi ƙasa, magani kaɗai ba zai tashe ta ba, sai ta riƙa cin ganye da 'ya'yan itace masu kyau kullum. Na ce a raina abin ya zo gidan sauƙi, tunda mijinta ne mai shago ɗaya tilo a ƙauyenmu.

Mai Shago ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Shekara ashirin da biyu yana buɗe ƙofa kafin kowa ya fito. Motar kaya sau ɗaya take zuwa a mako, kuma mu ne ƙarshen hanya, sai kowane gari ya zaɓa ya bar mana saura. Firjinsa sabulu yake ajiyewa a ciki, don wuta ba ta zama. Ya sha kwashe ruɓaɓɓen tumatir ya kai juji, har ya koyi wata dabara. Duk abin da ya fara laushi shi yake jerawa a kan tebur, mai kyau kuwa ya tura ƙarƙashi ya rufe da buhu. Kafin na sama ya ƙare, na ƙasa ya yi laushi, sai ya hau tebur. Haka muka shekara muna cin na jiya, na yau yana kwance a ƙarƙashin gwiwarsa.

Daga asibiti shagon na wuce. Na ce ya ba ni lemo da alayyafo. Ya miƙo lemo uku, duk fatarsu ta yamutse kamar tawa.

Na ce, "Ɗaga buhun nan na ƙasa."

Ya ce, "Yaya, idan na ɗaga maka, gobe kowa zai ce a ɗaga masa. Waɗannan wa zai saya?"

"Matarka zan kai wa."

"Ai kullum ina kai mata. Tambaye ta, ba ta taɓa kwana ba ta sha lemo ba."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya ƙi sayuwa shi yake tafiya da shi gida da yamma, ya yanke gefen da ya ruɓe, ya ba ta sauran. Da na faɗa mata yadda muka yi, ta yi 'yar dariya ta ce, "Yaya, rabu da shi. Ni har na manta lemo a mulmule yake, kullum rabi nake gani."

Ran Talata na tare motar da kaina. Direban ya ce, "Baba, ba ma sayar da ɗai-ɗai, sai kwando, kuma kwandon nan na mai shi ne." Na dawo na shuka alayyafo a bayan ɗakina, amma shuka ba ta san gaggawa ba. Kafin ya yi ganyen tsinka, Auta ba ta iya kaiwa bakin rijiya sai ta zauna sau biyu a hanya.

'Yarsu ita da Mai Shago ce ta zo daga birni ta haɗa mata kaya za ta tafi da ita. Mai Shago ya tsaya a bakin mota da leda a hannu, ranar ya ɗaga buhun, ya zaɓo wa Auta lemo shida masu sheƙi. 'Yar ta ce, "Baba, bar su kawai, can akwai a kowane lungu." Ya koma da su ya mayar ƙarƙashin tebur.

Auta ta warke, shekararta biyu a can, ba ta dawo ba. Mai Shago yana nan a shagonsa, shi kaɗai yake kwana a gidan. Ya daina karɓar kayan gwari, gwangwani da taliya kawai yake sayarwa.