Farar Rigar da Gado Ya Ara

Gado mutumin Galma ne, aikinsa cike ramukan hanyar Madawa zuwa Buza. A shekarun yaƙin Jamus, manyan motocin kaya, kamiyo, suka fara bin hanyar bayan magariba, sai Nasaran da ke kula da hanya ya so ya san iyakar inda fitilar mota ke nuna mutum. Gado aka zaɓa. Zai yi ta tafiya gaban mota, inda direba ya daina ganinsa a dasa dutse.

To, wa zai je gaban Nasara da tsumma? Gado ya ari farar rigar Sallah wurin maƙwabcinsa Halidu. Ya yi ta tafiya yana ƙyalli, sai da ya yi nisa sosai direba ya yi ihu. Nasara ya ji daɗi, ya ce tunda ana hangen mutum haka, babu dalilin rage gudu a gangaren da ke hanyar.

Sai ranar kasuwar Buza gabansa ya faɗi. Yana tsaye bakin hanya fitila ta hasko, bai ga matan da ke dawowa ba sai da suka watse cikin gero suna salati. Dukkansu baƙin zanen shuni ne a jikinsu. Yayarsa Lantana, mai sayar da daddawa, tana cikinsu.

Ya rasa bakin da zai gaya wa Nasara a sake awo. Sai ya sayi farin ƙyalle ya kai mata.

"Yaya, ki riƙa yahwa wanga in za ki dawo."

"Likkahwani ka kawo mini tun ina da rai? Mi na ci maka, Gado?"

"Mota ba ta ganinki."

"Ni ina ganinta. Tun da ka sa rigar aro kake jin kai ne Nasara kumandan!"

Matan gidan suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe, ya bar maganar. Wannan barin ne ya ci shi har tsufansa.

Da kaka mota ta buge Lantana a gangaren. Ba ta mutu ba, amma ƙugunta bai ɗoru ba. Gado ya bar aikin hanya. Duk ranar kasuwa sai a gan shi zaune cikin mata da ƙwaryar daddawarta, yana gaggawar tashi tun rana na sama.