Hannun Inna Kulu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mani waya daga Gandi, wai Inna Kulu ta rasu.



Ga wanda bai san ta ba, ita ce ta yi wa rabin matan unguwarmu wankan jego. Nononta ɗaya ne, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Tun zamanin Turawa, tana goyon fari, ƙullutu ya fito mata a nono. Ciwon nan shi ya ɗauke mahaifiyarta da yayarta, don an ce daji ba ya son ƙarfe, sai jiƙo da shafe-shafe. Ita ta ce sam. Mijinta ya ɗora ta a jaki zuwa Rabah, suka hau motar gyaɗa har Sakkwato, wani likita Bature ya cire nonon. Mutane suka ce gawarta za a kawo. Ta dawo da ƙafarta, ta shayar da sauran 'ya'yanta da ɗayan.

Lokacin da na haifi ɗan fari, ita ke dama mani kunun kanwa tana mani tsiya, wai raki gare ni kamar ɗan akuya. In ta gama watsa mana ruwan zafi, sai hannunta ya bi nono har hammata, tana tambaya ko akwai wadda ciwon nono ya kashe a danginmu. Mu mun ɗauka surutun tsufa ne.

Da Sallar bana na je gaishe ta. Idon ya tafi, hannun yana nan. Na ce na ji wani ɗan abu a nonona, amma ba ya ciwo. Ta laluba, ta ce:

"Wanda bai ciwo shi aka tsoro, ɗiyata. Mi kika jira? Ni bisa jaki nit tahi, ke ga mota bakin ƙohwa."

Na je asibiti, an yi sikanin, an ɗauki tsoka an gwada. Daji ne, amma likita ya ce an tare shi da wuri. Ranar Litinin za a yi mani tiyata.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Gwaggonnina na ta cewa in dakata a gwada na gida. Ba zan dakata ba.

Na so in warke in je ta shafa tabon da hannunta. Allah bai nufa ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Inna Kulu, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ranar Litinin kuma ku tuna da ni.